Sakhir ba sai ranar gasa ba

Wani mai labari ya ce ranar babbar gasar tseren motoci ta Formula 1 kaɗai filin tseren motoci na Sakhir a Bahrain ya cancanci ziyara. Ni dai ban yarda ba. Ranar da ba gasa, mai yi wa baƙi jagora zai hau da kai saman hasumiyar da ke filin, ka hango kwalta mai kilomita 5.4 tana murɗewa cikin hamada. Akwai kuma ƙananan motocin tsere na haya, ka tuƙa da kanka har wuyanka ya yi tsami. Tun 2004 ake tsere a wurin, daga 2014 aka mayar da gasar Formula 1 dare ƙarƙashin fitilu. Kada dai ka je a Yuli, zafin sai ka ce tanderu. Tafi da yamma, lokacin sanyi.