Ranar da aka hana ni liƙi a Heres

Shekarata shida a Sebiya, kudancin Sifaniya, amma sai watan jiya na zauna na kalli filamenko, kiɗa da waƙa da rawar gargajiyar yankin, ido da ido. Da na ɗauka abin 'yan yawon buɗe ido ne: mace da jar riga mai tattara ta buga ƙafa, a karɓe maka kuɗi. Wani dattijo abokin aikina ya ce wancan na kasuwa ne, in zo ya kai ni garinsu Jerez, da suke kira Heres, in ga na gida.

Wurin suna ce masa penya, wato ƙungiyar masu son kiɗan, a unguwar Santiyago. Ɗaki ne da bai fi zauren mai unguwa ba, bango cike da hotunan mawaƙan da suka mutu. Mai jita ɗaya, masu tafi biyu, sai mawaƙin, tsoho mai tumbi da baƙar kwat, ka rantse tsohon direban tasi ne. Ba ganga, ba 'yan amshi. Ya runtse ido, ya dunƙule hannu, ya saki wani dogon "ayyy" da shaƙaƙƙiyar murya kamar yanzu aka aiko masa da rasuwa. Abokina ya ce salon soleya ke nan, bugu 12 yake zagayowa. Na yi ta ƙirga da yatsu ina ɓacewa.

Can sai mai rawa ta miƙe. Ba yarinya ba ce, ta ba hamsin baya. Akwai ƙananan ƙusoshi a dunduniyar takalminta da bakinsa, don haka ƙafarta ce gangar. Ta fara a hankali, hannu sama tana murza yatsu, fuska a murtuke kamar mai bin bashi, sannan ta dinga zuba dunduniya har ƙura ta tashi daga katako. Sai ta tsaya cak, mai jita ya tsaya tare da ita a bugu ɗaya. Tsigar jikina ta tashi.

To nan na kwafsa. Bahaushe in kiɗa ya ratsa shi me ya sani? Na zaro Yuro 10 na miƙe zan yi liƙi. Abokina ya cafko gefen rigata ya mayar da ni kujera, wata tsohuwa a bayana ta yi mini "shhh" kamar ɗan firamare. Ya raɗa mini cewa an riga an sallame su, nan saurare ake yi. Wallahi raina ya ɓaci. Har muka fito ina ce wa zuciyata marowata ne kawai, sun mai da kiɗa zaman makoki.

A jirgin ƙasa na dawowa na huce. Ai ba shiru suke yi ƙurmus ba, suna jefa "ole", amma a gurbinta, daidai inda mawaƙi ya karya murya. Wanda ya iya jefa ta a nan, ya ji waƙar. Kuma Hitano, wata ƙabila marar rinjaye a Sifaniya da ta fi riƙe kiɗan nan, ba 'yan gata ba ne. A 1749 Sarki Farnando na shida ya sa aka yi musu kamun kazar kuku, aka raba maza da mata. Cikin salon waƙoƙin akwai na maƙera, na 'yan kurkuku, na masu haƙar ma'adinai. Amma tun 1980 Sebiya take shirya wa filamenko gagarumin biki duk shekara biyu, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2010, a 2023 kuma majalisar Andalus, yankin da Sebiya da Heres suke, ta yi doka sukutum a kansa, har da koyar da shi a makarantu.

Mu fa? Muna liƙi har kuɗi su rufe ƙasa, amma a faɗi gaskiya, sunanka kake jira a kira, ba waƙar ba. Ana ambatonka ka taso kana baza babbar riga, ana wucewa kan wani ka koma hira. Gari na wayewa, ɗan makaɗin ya zo neman 'yarka, ka ce ai maroƙi ne. Kada wani ya ce na zama Bature. Har gobe liƙi ya fi mini tikiti, don kuɗin hannu da hannu ne, ba dillali. Na kuma san jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa. Amma Shata nawa gare mu? Ina mai gogen ƙauye, ina mai kukuma, ina mai kotso? Bangon wane zaure ne yake ɗauke da hotunansu?

Ni kaina Baba ya taɓa zane ni don na bi mai kalangun mahautan unguwarmu har bayan magariba. Mutumin in ya matse kalangu a hammata, sai ka ji sunan sarkin fawa ya fito tar kamar da baki aka faɗa. Yanzu ɗana yana dawowa daga makaranta yana tafin buleriya, wani salon filamenko, a teburin cin abinci, bai taɓa ganin kalangu ba.

Da na isa gida na kira yayana duk da dare ya yi. Na ce, "Yaya, don Allah mai kalangun mahautan nan yana nan kuwa?" Ya ce, "Wa? Ai ya kai shekara huɗu da rasuwa. Lafiya dai?" Na tambayi ko wani ya taɓa ɗaukar kiɗansa a waya. Ya yi dariya ya ce 'ya'yan duk Keke Napep suke ja, amma zai tambaya ko kalangun yana nan.