Sito a Luton, kango a Ɗanbushiya

Ranar da na fara nuna wa Hajiya ɗakina na Luton, a Ingila, ta waya, ban gama juya kyamarar ba ta tare ni. "Dakata, koma baya. Ina sauran gidan?" Na ce ai ke nan, Hajiya. Ga gado, ga teburin karatu, ga murhu mai kai biyu da wurin wanke-wanke, waccan ƙofar kuma bayi ne. Ta yi shiru har na zaci layin ne ya katse. Can ta ce, "Auta, wannan ai sito ne. Duk karatun nan naka, a sito suka ajiye ka?"

Ba ta faɗi ba daidai ba. A da sito ne. Mai gidan, wani dattijo ɗan asalin Pakistan, a nan yake jibge injin yankan ciyawa da gwangwanayen fenti da kekunan da 'ya'yansa suka girme wa. Da mahaifiyarsa ta tsufa, hawa bene ya gagare ta, sai ya nemi izinin hukuma, ya cusa wa bangon abin tare sanyi, ya ja ruwa da wuta, ya yi mata bayi. Turawa ma ɗakin kaka suke ce wa irinsa. Bayan rasuwarta ya koma ya karɓo takardar sa haya, kuma sai da na ga takardar da idona kafin na ba da ko kwabo. Mita 5 ne a mita 4. Fam 600 nake biya duk wata, har da ruwa da wuta. Kafin nan kusan haka nake biya a wani gida da muke mu shida, bayi ɗaya, firij ɗaya, kowa ya rubuta sunansa a jikin robar miyarsa.

Tun 2022 nake ciki, kuma ɗakin nan ne ya sa na iya tura wani abu gida duk wata ba tare da na ci bashi ba.

Sai dai kada kowa ya ɗauka abin ado ne. A Ingila mutum na iya kafa sito a bayan gidansa ba tare da neman izini ba, muddin tsayinsa bai wuce mita 2.5 ba idan yana dab da katangar maƙwabci. Amma da zarar an mai da shi gidan kwana mai zaman kansa, to magana ta canza, sai da izini. Da yawa ba sa nema. A 2013 hukumar garin Slough, yamma da Landan, sai da ta tashi jirgin sama ɗauke da kyamarar da ke gano ɗumi, don ta gane sito-siton da mutane ke kwana a ciki a ɓoye, ta kuwa ga dubban gine-gine da ake zargi. Na taɓa kai wa wani ɗalibi ɗan ƙasarmu ziyara a irin wannan. Babu taga sai wata 'yar kafa a saman ƙofa. Bangon da katifarsa ke jingine ya yi baƙi ƙirin da funfuna, ga hita a kunne kusa da labule, ga waya ɗaya da aka jawo daga babban gida ta cikin ciyawa. Da za mu yi Azahar sai da ya ɗaga katifar ya jingine, sannan muka sami wurin tsayuwa. Tari yake yi tun shigata har fitata. Shi ba zaɓa ya yi ba, rashi ne ya kai shi.

Akwai kuma waɗanda suka zaɓa. Wasu a cikin siririn jirgin ruwa suke zaune a kan magudanan da aka haƙa tun zamanin dakon kwal, faɗinsa ɗan sama da mita 2, kuma wanda ba shi da matsaya ta dindindin dole ya matsa gaba duk kwana 14. A Amurka har ƙa'idar gini ta ware wa ƙaramin gida babi, wanda bai wuce murabba'in ƙafa 400 ba. Likita da injiniya za ka gani a YouTube suna alfahari da ɗakin da bai kai falon wani ɗan kasuwar Kawo ba.

Duk lokacin da na ga haka, Yayana ke faɗo mini a rai.

Yaya ma'aikacin gwamnati ne. A 2014 ya sayi filoti a Ɗanbushiya, ƙetaren kogin Kaduna, ƙafa 50 a ƙafa 100. Na zauna na buga lissafi: ɗakina zai shiga filin nan sau ashirin da 'yan kai. Aka zana masa gida mai ɗakuna biyar da falo biyu, da niyyar ɗora bene nan gaba. Aka yi harsashi, aka ɗora bulo a hankali a hankali, a 2018 gini ya kai linta. Yau ma a linta yake. Zuwana na ƙarshe muka je gani. Rodi ya yi tsatsa yana nuna sama, gamba ta tsiro a inda aka ce falon baƙi ne, wata akuya ta haihu a ɗakin uwargida. Yaya ya tsaya a tsakiyar kangon yana nuna mini da makullin mota, nan ne wurin cin abinci, can ne ɗakin karatun yara. Yaran da ake magana, babbar ta riga ta shiga jami'a.

Lokacin da ya fara, buhun siminti bai kai Naira 3,000 ba. A farkon 2024 ya haura 10,000. Duk shekarun nan kuma haya yake biya, shekara guda cur a dunƙule kamar yadda aka saba a gida, ba wata-wata irin na nan ba. Sau biyu yana tashi, kowane tashi da kashi goma na dillali da kuɗin motar kwasar kaya da ƙafar kujerar da ta karye a hanya. Da an tara kuɗin hayar nan, da tuni an rufa wani abu.

Na ce masa, "Yaya, me zai hana a bar babban ginin tukuna, a yi ɗaki biyu da falo da kicin a bayan filin, a rufa, ku tare? Guntun gatarinka ai ya fi sari ka ba ni."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Auta, zaman Turai ya fara taɓa ka. Ina mataki na 14 in kwashi iyalina in shiga bikiyu? Surukaina su zo su ce me?"

Matsalar a nan take, a sunan. Tun da Turawan mulki suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, aka shata unguwar manya da tsari ɗaya: Bature a gaba cikin fili da itatuwa, kuku da boyi a 'yan ɗakunan baya, wato bikiyu. Bature ya tafi, manyanmu suka gaji gidajen, suka gaji kallon da ake yi wa ɗakin baya. Har gobe a Unguwar Rimi da Malali da Barnawa, bikiyu na direba ne da mai gadi da ɗan bautar ƙasa. Mutum ya gwammace ya shekara goma sha yana biyan wani, da a ce ga shi can a ɗakin baya, ko da filin nasa ne, takarda da sunansa.

Alhali kafin Bature muna da namu. A gidanmu na Tudun Wada, yaro na tasawa ake fitar da shi shago, ɗakin nan da ke jikin zaure mai ƙofa ta waje. Mu uku muke kwana a namu, bai fi ƙafa 10 a 10 ba, katifa biyu da akwatin ƙarfe da ƙusoshin rataye kaya. Ban taɓa jin ya yi mini kaɗan ba, ko sau ɗaya. Sai da na zo Luton na gane dalili. Ba a cikin ɗakin muke rayuwa ba. Kwana kawai ke kai mu. Abinci a zaure, hira a dakali, karatu a masallaci bayan Asuba, shayi a bakin titi. Mata kuwa tsakar gida ce duniyarsu: nan ake daka, nan ake girki, nan ake tankaɗe da kitso da shanya, nan ake shimfiɗa tabarma da dare lokacin zafi ana kallon taurari har barci ya kwashe yara. Ɗakin da ya fi kowanne girma a gidan Bahaushe ba shi da rufi, kuma ba a sayen siminti dominsa.

A nan babu wannan. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu an yi Magariba, ruwa na tsiyaya, iska na kaɗawa, ƙofar kowa a rufe. Murabba'in mita 20 ɗin nan su ne falona da kicin da masallaci da wurin shanya. In na yi miyar kuka, sai rigar da zan sa gobe ta kwana tana ƙanshin daddawa. In baƙi suka wuce uku, ɗaya sai ya zauna a bakin gado. Ranar Sallah ita ta fi ciwo. Saboda haka in ana maganar inda ƙaramin gida zai yi daɗin zama, Kaduna ta fi Luton nesa ba kusa ba. Mu muke da sararin, su suke da rashin kunyar abin.

Da na faɗi haka a gaban Yayarmu mace, ba ta bar ni na sha ba. Ta ce, "Ku maza da bakin magana. Kuna karyawa ku fice, sai dare. Wa ke wuni a ciki da yara?" Gaskiyarta. Ƙaramin gidan da ba shi da tsakar gida mai katanga, kurkuku ne ga matar aure. Ita ce kuma ta tuna mini da waɗanda suke zana gidajen Kaduna a zahiri, wato 'yan jere. Kafin biki gwaggwanni za su zo ganin gida, wata har da igiyar awo a jaka. Ina za a sa gado da wadrof da madubi? Kujeru saiti guda fa? Ina kayan kicin za su shiga? Uba ya ci bashi ya yi kayan ɗakin da sai babban gida, ango ya ci bashi ya kama gidan da zai ɗauki kayan, amarya ta tare a tsakanin bashi biyu. Na san saurayin da yake da ɗaki ciki da falo a gidan gado, nasa na kansa, aka ce bai isa ba, ya je ya kama haya a Kinkinau.

Wani abin kuma da nake gani ana yaɗawa a Facebook shi ne gidan kwantena, an yi masa fenti an sa fulawowi, a ce ga maganin tsadar gini. Masu waldan Panteka za su ƙera maka shi, har ya fi na hoton, wannan ba na ko shakka. Amma wanda ya san Kaduna a watan Maris da Afrilu ya san abin da ƙarfe ke yi da rana. A Yulin 2022 zafi ya kai digiri 40 a Ingila karo na farko a tarihi, har aka dakatar da tashin jirage a filin jirgin Luton saboda kwaltar titin ta lalace. Daren nan a kan ciyawar mai gida na shimfiɗa darduma na kwana, don ɗakin da aka gina domin riƙe ɗumi ya riƙe shi da gaske. Kwana biyu ke nan kacal. A gida wata biyu ne ko fi. Kafin ka yi wa kwantena rufi na biyu da rufin ciki da tagogi, kuɗin bulo ya fita. Gara ma a koma ga abin da kakanni suka sani, wanda har yanzu yake tsaye a cikin birnin Zariya: bango mai kauri na jar ƙasa, rufi mai tsayi, taga tana kallon taga, da bishiya a tsakar gida.

Ba kuma ina yabon gidajen hayar nan na Rigasa da Unguwar Sanusi ba ne, inda iyali goma ke layi a ƙofar bayi ɗaya da asuba. Abin da ke damun waɗannan ba ƙanƙantar ɗaki ba ne, ɗakin ƙafa 12 a 12 ya ninka mafi ƙarancin da dokar Ingila ta yarda a ba baligi ɗaya a gidan haɗaka, wato murabba'in mita 6.51. Ruwa ne babu, bayi ne babu, kwata ce a toshe. Wanda zai yi ƙarami ya fara da sokawe da ruwa, ya karɓi izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, kamar yadda mai gidana ya karɓi nasa a nan, kuma kada arha ta kai shi bakin kogi.

Watan jiya mai gidan su Yaya ya aiko da takardar ƙarin haya. Bayan kwana biyu sai ga kiran matarsa, tana magana ƙasa-ƙasa. "Auta, ɗakin nan naka, turo mini hotonsa ta kowane ɓangare, har da bayin." Na tura. Ashe ta riga ta kai magini filin, ya auna bayan kangon, ya ce ɗaki biyu da falo da kicin za su zauna, har a sami tsakar gida, kuma bulon da ke jibge tun 2018 akwai na amfani a ciki. Yaya ya yi kwana uku ba ya maganar. A na huɗu ya kira ni da kansa, ya ce ya amince, amma da sharaɗi: kada ya ji kowa ya kira shi bikiyu. Sashen baƙi ne, za su ɗan zauna kafin a gama babban.

Na ce, "To, Yaya, sashen baƙi."

Na tura kuɗin kwano bandir biyu. Hajiya kuma ta aika wa magini cewa duk yadda zai yi, ya bar mata wurin turmi a gefen da inuwa ke sauka da la'asar.