Akwati ce mai hannu, ba laftof ba

Wani marubuci ya ce kwamfutar Osborne 1 ta 1981 ce laftof ta farko, ni kam ban yarda ba. Abin da ya kai kilo 11, babu batir a ciki sai ka nemi soket, a wace cinya za a ɗora shi? Tamkar keken ɗinki ce a akwati, gilashinta inci 5 kacal, sai ka ƙanƙance ido kafin ka ga lissafi. Abin da ya ja 'yan kasuwa farashi ne, dala 1,795 har da manhajar rubutu ta WordStar da ta lissafi SuperCalc. Malam mai cewa kwamfutar IBM kaɗai ta durƙusar da kamfanin Osborne a 1983, ina ka baro kwamfutar Kaypro mai gilashi inci 9 da ta riƙa kwashe musu masu saye?