Sulhun da ake kira bayan an shafa jan fenti

Sabon yayin da hukumomin filaye suka shiga yanzu shi ne "zama da masu ruwa da tsaki". Da an fara tada jijiyar wuya kan fadama ko kududdufi ko hanyar ruwa, sai a kira taro, a jera kujeru, a ɗauki hoto, washegari a ce an sasanta. Har da masu yabo, wai gwamnati ta daina nuna ƙarfi. Ni dai haushi abin yake ba ni, domin galibi sai an gama zana taswira, an shafa wa bango jan fenti, sannan a tuna da taro.

Sulhu tsakanin wa da wa? Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, ta ba shi ikon soke mallaka da sunan amfanin jama'a. Diyyar da ta tanada ta gini ce da shuka, ita ƙasar ba a biyanta. To manomin rani na bakin kogin Kubanni ko Galma a Zariya, wanda ya gaji fadamarsa kaka da kakanni, ba shi da ko fallen takarda a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, da me zai ja ciniki? A lissafa masa tumatir da albasar bana, a raba shi da abincin iyalinsa har abada. Shi ɗin ma ba kasafai ake gayyatarsa ba. Mai unguwa ko dagaci ke zama a madadinsa, kuma kowa ya san mai rawani ba ya son jayayya da wanda ke iya tuɓe shi.

Dubi kududdufan cikin birnin Zariya. Ramuka ne da kakanninmu suka haƙa ƙasar gini, suka zama matattarar ruwan damina. An cike da yawa da shara, an yanka filotai, an yi gini. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa, gidan maƙwabci yake faɗawa. In an zauna sulhu, mai filoti da jami'i ne ke magana; matar da ruwa ya ci ɗakinta tana gida tana kwalfe ruwa da roba.

Masu son kafa hujja da Amurka su karanta da kyau. Dokarsu ta 1990 kan tsara ƙa'idoji ta hanyar tattaunawa ta tanadi a haɗa ɓangarorin da abin ya shafa tun kafin a rubuta ƙa'idar, tare da mai shiga tsakani da ba shi da ɓangare. A nan hukuma ce mai ƙara, ita ce alƙali, ita ke rubuta abin da aka ce an amince. Mu ma muna da dokar auna illar ayyuka ga muhalli tun 1992, amma mutum nawa a Tudun Wada ko Sabon Gari ya taɓa ganin irin wannan rahoto da Hausa?

Masu cewa doka doka ce, a turo katafila kawai, su fara gaya mana wanda ya sa hannu aka yanka filin tun farko.

A kira taro kafin a auna fili, a samo mai shiga tsakani daga wajen hukuma, ko daga malaman Jami'ar Ahmadu Bello ne. A rubuta yarjejeniyar da Hausa, a liƙa ta a ƙofar masallacin unguwa, manomi ya ga sunansa a ciki.