Kakanka ba hujja ba ne

Wallahi bidiyon nan da ake ta turawa ya ɓata mini rai. Mutum ya zauna gaban kyamara yana cewa a watsar da maganin hawan jini, wai kakansa ya sha taba, ya ci gishiri son ransa, kuma ya haura shekara 90. Abin da ya fi ƙona ni shi ne yadda ake ta sa masa albarka a ƙasa.

Allah Ya jiƙan kakan, amma mutum ɗaya ba hujja ba ne. Ina sa'anninsa da suka sha tabar tare? Wanda ya yanke jiki ya faɗi yana shekara 50, da wanda ɓarin jikinsa ya shanye, wa zai ɗauki bidiyonsu? Wanda ya tsira kaɗai ake gani, shi ya sa masu bincike ke ƙirga kowa da kowa, mai rai da mamaci.

A 1948 aka fara bin mutum 5,209 a garin Framingham na Amurka, ana auna su duk bayan shekara 2, daga baya aka haɗa da 'ya'yansu da jikokinsu. A wancan zamanin likitoci da yawa sun ɗauka hawan jini abin tsufa ne kawai, ba a taɓa shi. Shugaban Amurka Roosevelt da kansa, jininsa ya yi ta hawa har jijiya ta fashe masa a ƙwaƙwalwa a 1945. Bin dubban mutanen nan ne ya fito da hawan jini, taba, kitse a jini da ciwon suga a matsayin masu share wa ciwon zuciya hanya.

Za a ce ai Turawa ne. To, binciken INTERHEART na 2004 ya ratsa ƙasashe 52, har da na Afirka, ya tarar abubuwa 9 ne ke ɗauke da kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin bugawar zuciya, kuma duka ana iya yin wani abu a kansu. Za a ce ajali ne. Babu mai musun ajali, amma babu wanda ya taɓa cewa a bar neman magani saboda shi.

Ku dubi Arewacin Karelia a Finland. Daga 1972 suka tashi haiƙan wajen rage taba, gishiri da man shanu, mutuwar magidanta ta ciwon zuciya ta ragu da sama da kashi 80 cikin 100 a shekarun da suka biyo baya. Yanki guda fa, ba kakan wani ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe kimanin mutum miliyan 17.9 a 2019, sama da kashi 3 cikin 4 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Kusan rabin masu hawan jini ba su ma san suna da shi ba. Waɗanda suka sani har suke shan magani kuma, su ake ce wa su zubar da ƙwaya. Don Allah idan mahaifiyarka na shan magani, kada ka tura mata wannan bidiyo.