Ga fili ga mai doki: a kan faifan Stalag

Jiya da daddare ina sauraron wani tsohon faifan rege, ƙanena ya leƙo ya ce, "Yaya, ai waƙa ɗaya kake ta maimaitawa tun ɗazu." Na ce masa zauna ka saurara da kyau. Kiɗan ne ɗaya, masu waƙar kowa da bakinsa. Ya ce to ai wannan lalaci ne, ko ma satar fasaha. Maganar nan ta tsaya mini a rai har na kwana da ita.

Faifan shi ne Stalag 17, 18 and 19, wanda furodusa Winston Riley ya fitar a Kingston ta Jamaika a 1985. Kiɗan kansa ya girmi faifan da shekara 12, domin tun 1973 makaɗi Ansel Collins ya buga shi, babu murya ko ɗaya a kai. Mutanen can suna kiran irin wannan kiɗa "riddim". A al'adarsu ta wancan lokacin, in an buga ƙaramin faifai, gaba waƙa ce, baya kuwa kiɗan ne tsuransa. Da dare masu manyan lasifikoki sai su sa bayan faifan a filin rawa, duk mai ji da bakinsa ya karɓi makirfo ya hau. Ga kuma tsadar hayar situdiyo da makaɗa, don haka kiɗan da ya karɓu ba a jefar da shi.

Ni a wurina babu inda ake gane mawaƙin gaskiya kamar nan. Mai kiɗansa shi kaɗai yana iya fakewa a bayan daɗin kiɗan. Amma in an shimfiɗa wa kowa tabarma ɗaya, ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. Ku saurari Sister Nancy a kan kiɗan nan, a waƙarta ta 1982, mace tsakiyar maza, muryarta a sake, babu gaggawa babu tsoro. Sannan ku saurari Tenor Saw, yaro bai cika ashirin ba, da wata siririyar murya mai kama da kuka, yana shelar cewa lasifikar abokan hamayya ta mutu. Wallahi sai ka rantse ba kiɗa ɗaya ba ne, alhali kuwa shi ɗin ne. Ita ta ja shi ƙasa ta kwantar da shi, shi kuma ya mayar da shi ƙararrawar yaƙi. Allah sarki, a 1988 aka tsinci gawarsa a Houston ta Amurka, yana ɗan shekara 21.

Abin da ke min ciwo a tsarin wani ne daban, ba abin da ƙanena ya faɗa ba. A wancan zamanin, kiɗa mallakar furodusa ne. Makaɗa da mawaƙa galibi sau ɗaya ake sallamar su, faifai kuwa ya yi ta yawo a duniya. Sister Nancy ta yi shekara 32 ba ta karɓi haƙƙin waƙarta ba, tana aikin banki a New Jersey, har sai da 'yarta ta ji waƙar a tallar kamfanin takalma na Reebok a 2014, sannan aka tashi neman haƙƙin. In ana neman inda aka ci gumin wani, to a nan yake.

Ƙanen nawa dai bai tafi ba sai da faifan ya ƙare. Da safe ya aiko mini saƙo in tura masa ta Tenor Saw.