Maƙera Da Marina Ma Ajin Kimiyya Ne

A yawancin makarantunmu na firamare, idan ƙarshen zangon karatu ya zo aka ce kowane ɗalibi ya kawo aikin hannu, abin da ke biyo baya sananne ne ga kowa. Uba zai ba da kuɗi, yaro ya biya kasuwa ya sayo tsintsiya ko mafici ko faifai, malami ya karɓa ya rubuta masa maki. A wasu wuraren ma an daina zuwa kasuwar, kuɗin ake kawowa kai tsaye. Abin da yaron ya koya a nan guda ɗaya ne, kuma mummuna ne, wato ana iya cin ladan aikin da ba a yi ba. Ra'ayina shi ne wannan darasi da muka wulaƙanta ya cancanci a farfaɗo da shi, a cika shi da tsofaffin fasahohin da kakanninmu suka rayu da su, irin su ƙyasta wuta da tufkar igiya da ginin tukwane da kaɗi da jima da rini da ƙira da ginin ƙasa, yaro ya yi su da hannunsa tun daga ɗanyen kaya har zuwa abin da za a mora.

Abin da nake nufi ya bambanta da ranar al'adu, inda ake ɗaura wa yara saƙi a ɗora musu ƙwarya a ka, a ɗauki hoto a watse. Hujjata ta ilimi ce. Kimiyyar da muke tilasta wa yara haddacewa daga allo, da harshen da rabinsu ba su gama fahimta ba, tana nan kwance a cikin waɗannan sana'o'i, a inda za su iya taɓa ta, su shaƙi warinta, su ga sakamakonta da idonsu.

Kowane yaro a ƙasar Hausa ya san ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi, amma kaɗan ne za su iya faɗin dalili, ko da sun ci jarrabawar kimiyya. Jikin randa yana da ƙananan ƙofofi da ruwa ke tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, shi kuwa ruwa ba ya bin iska sai ya ɗebi zafi ya tafi da shi. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa wanda ya tashi a cikin dangin magina tukwane, a kan wannan sanin ya tsaya: ya sa ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, sai ga gauta da tumatir da alayyafo suna daɗewa ba su lalace ba a ƙauyukan da ba su da lantarki. A shekarar 2000 ya samu lambar yabo ta Rolex saboda wannan aiki. Ilimin boko ya ba shi bayani, amma sanin yumɓu da ya samu tun yana yaro shi ne ya nuna masa inda zai sa bayanin. Yaran da muke yayewa a yau muna ba su rabi na farko ne kawai.

Rini ya fi wannan ban mamaki, kuma ina ganin duk malamin kimiyyar sinadarai da ke Kano bai kai ɗalibansa marinar Ƙofar Mata ba, wadda aka ce an kafa ta tun 1498, ya tauye su. Launin baba ba ya narkewa a ruwa, saboda haka ba zai kama tufa haka kawai ba. Sai marini ya haɗa baba da ruwan toka a cikin rami, ya bar shi kwanaki yana ruɓa yana motsa shi, har ƙananan halittun da ido ba ya gani su sauya shi ya koma mai narkewa. Idan aka tsoma farin ƙyalle aka ciro, ba shuɗi yake fitowa ba, wani kore-kore ne mai ratsin rawaya, sai iska ta buge shi sannan ya rikiɗe ya zama shuɗi a gaban mai kallo. Wannan rikiɗa aikin iskar oksijin ce, kuma babi ne guda a manhajar babbar sakandare da ɗalibai ke jin tsoronsa. Yarinyar da ta tsoma hannunta a baba ta ga launi ya juya a kan ƙyallen da take riƙe da shi, ba ta buƙatar a yi mata bulala kafin ta tuna. Haka majemi yake amfani da toka ya tuge gashi, ya jiƙa fata a ruwan bagaruwa don kada ta ruɓe, kuma da wannan bagaruwar aka jeme jar fatar akuyar Sakkwato da ta ratsa Sahara, Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko.

Akwai kuma abin da hannu ke koyarwa wanda ba ya cikin kowace manhaja. Yumɓu ba ya karɓar roƙo, ba ya kuma sanin ɗan wane. Idan yaro ya yi gaggawa ya gasa tukunyarsa tun ba ta gama bushewa ba, ruwan da ke cikinta zai zama tururi ya fasa ta. Idan bai cuɗa ƙasar da garin tsingaro ko yashi yadda ya kamata ba, za ta tsage tun tana shanya. Idan ya murza zaren igiya da tufkarta duk gefe ɗaya, za ta warware a hannunsa. Dole ya zauna ya tambayi kansa inda ya kauce, ya sauya abu ɗaya, ya sake gwadawa. Wannan zama da wannan tambaya su ne ainihin hanyar binciken kimiyya, kuma tsarin da muke kai, na kwafe rubutu daga allo a mayar wa malami ranar jarrabawa, ba ya ba yaro damar yin su ko sau ɗaya. Malamai da dama za su shaida cewa yaron da ake yi wa kallon daƙiƙi a aji shi ne sau da yawa ke fara gane yadda ake riƙe ƙyastu da ƙanƙara har tartsatsi ya faɗa kan auduga, kuma ranar da 'yan ajinsu suka kewaye shi suna neman ya nuna musu, wani abu yana gyaruwa a zuciyarsa game da makaranta.

Na san abin da wasu za su ce: duniya tana maganar kwamfuta da ƙirƙirarriyar basira, kai kana kiran yara su koma zuga-zugi. Ban ce a ajiye kwamfuta ba, kuma sa'o'i biyu a mako ba za su hana kowa koyonta ba. Amma mu tuna abin da ya faru da tsarin karatu na 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a) da aka fara a 1982. An shigo da injunan koyar da fasaha daga Turai da kuɗi masu yawa, aka rarraba wa ƙananan sakandare, da yawansu suka yi tsatsa a cikin akwatunansu saboda babu lantarki, babu ɗakin da za a girka su, babu malamin da ya iya su. Darasin fasaha ya koma zanen zarto a allo. A daidai wannan lokaci, a bayan katangar makarantar, akwai maƙeri da uwar maƙerarsa da masabarsa da awartakinsa, yana ƙera fartanya da lauje kullum, ba wanda ya ce masa ya shigo. Abin takaici shi ne makarantar boko ta farko da Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'a, inda gwanayen gari ke koyar da aikin hannu. Daga baya ne muka raba takarda da hannu.

Babban cikas ɗin, a ganina, yana cikin zukatanmu. Mun gaji wata ɗabi'a ta raina wasu sana'o'in gado, har uba yana jin an ci mutuncinsa idan aka ce ɗansa ya zauna a gaban majemi. Ya kamata irin wannan uba ya duba bayan takardar naira 20. Hoton Ladi Kwali ne, maginiyar tukwane da ta koyi sana'arta a gida tun tana yarinya, a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa a Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ya kuma je Zariya ya ɗaga kai ya dubi bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure da ƙasa da azara a Masallacin Juma'a tun shekarun 1830, aikin da masu nazarin gine-gine ke zuwa daga nesa su auna. A Nijar ma, masallacin ƙasa na Yama da ke jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya jagoranci gininsa, ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. Mutumin da ya san yadda zai jera azara ta ɗauki nauyin rufi ba tare da siminti ko rodi ba injiniya ne, ko da bai iya rubuta lissafin abin da yake yi ba, kuma aikin makaranta ne ta zaunar da yaro tsakanin wannan gwani da malamin lissafi.

Abin da ya sa nake ganin lamarin na gaggawa ne shi ne mun riga mun rasa ɗaya daga cikin manyan fasahohin. A Taruga, kusa da Abuja, an tono matoyan narkar da tama da suka haura shekaru 2,000, kuma tarihin Kano ya danganta farkon zaman gindin Dala da maƙeran da suka zo neman tama. Waɗannan mutane, da ƙasa da gawayi da iska kawai, suna kai wuta kusan digiri 1,200 su fitar da ƙarfe daga dutse. Da ƙarfen Turawa da tarkacen motoci suka wadata a ƙarni na 20, sai aka daina, kuma a yau da wuya ka sami wanda zai gina matoya ya fitar da ƙarfe daga farko har ƙarshe. Kaɗi da saƙar gargajiya suna kan wannan hanya. Tsofaffin matan da suka iya gurza auduga su shiɓe ta su murza mazari suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, jikokinsu kuwa ba su taɓa riƙe mazarin ba.

Yin abin ba ya buƙatar kwangila ko jiran Abuja. Shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai za su iya zama da mai unguwa da Sarkin Maƙera ko Sarkin Magina, a zaɓi sana'a ɗaya a kowane zango gwargwadon abin da garin yake da shi. Ƙananan yara su fara da igiyar rama da saƙar kaba da yumɓu, wuta da ƙarfe kuwa a bar wa manya, a ƙananan rukunai, ƙarƙashin idon mai sana'ar, domin shi ya fi kowa sanin inda haɗari yake. Malamin kimiyya ya kasance a wurin, ya ɗaure abin da aka gani da abin da ke cikin littafi, in ba haka ba an koma wasan ƙasa. Gwanin da aka gayyato kuma a biya shi hakkinsa, a kira shi malam a gaban yara, don ba alfarma ake yi masa ba. Sannan a haramta karɓar duk wani aikin hannu da ba a cikin makaranta aka yi shi ba, a ba da maki a kan yadda yaro ya yi aikin da yadda ya bayyana dalilin abin da ya faru, ko da tukunyar tasa ta fashe a wuta.